Jiki Ba Ya Manta Sana'ar Mai Shi

Duk wanda ya daɗe yana riƙe alƙalami, in ya duba yatsansa na tsakiya a hannun da yake rubutu da shi, kusa da farce, zai ga ɗan ƙulli mai tauri. Wurin da alƙalami ya saba kwanciya ke nan shekara da shekaru, har fata ta yi kanta. Tela mai ɗinkin hannu tasa alamar tana kan manuniya, inda tsinin allura ya yi ta sukar fata har ta yi kaushi, wani ma za ka ga ɗan gurbi a haƙorinsa na gaba saboda tsinke zare da baki. Mai aski da almakashi kantarsa tana jikin babban yatsa. Mai kaɗa jita kuwa kawunan yatsunsa na hagu sun yi tauri, farcensu a yanke ƙasa-ƙasa, na dama kuma sau da yawa a bar su su yi tsawo. Babu ɗayansu da ya zauna ya ce bari in yi wa kaina shaida. Aiki ne ya yi musu ita ba tare da neman izini ba.

Abin da ya haɗa waɗannan alamu duka shi ne maimaici. Tabon haɗari labarin rana ɗaya yake bayarwa, kanta kuwa labarin shekaru. Jiki yana lura da inda ake gugarsa kullum, da inda ake ɗora masa nauyi, da abin da yake shaƙa, da ƙarar da ke dukan kunnensa, sai ya sake ginin kansa daidai da haka. Amma akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga nan: jiki bai san sunan sana'a ba. Yana adana abin da aka maimaita ne kawai. Mai kallo shi ke ɗora suna a kan alamar, ya ce wannan tela ne, wancan soja ne, kuma a wurin ɗora sunan nan ake yin gwaninta, a nan ake yin kuskure, a nan kuma aka sha yin zalunci.

Fata ita ce ta fi saurin magana, ita ce kuma ta fi saurin mantuwa. Samanta yana sabunta kansa cikin kamar wata guda, don haka kanta tana iya gushewa cikin 'yan watanni idan mutum ya bar aikin. Farcen hannu yana tsawo da kamar milimita 3 a wata, shi ya sa baƙin mai a ƙarƙashin farcen makaniki ko rinin da ya kama farcen marini ba ya wuce labarin rabin shekara. Wanda ya ga kanta ya ga abin da mutum yake yi yanzu, ko abin da bai daɗe da bari ba. A 1948 wani likitan fata a Amurka, Francesco Ronchese, ya tattara hotunan irin waɗannan alamu na sana'o'i daban-daban a littafi guda, domin taimaka wa likitoci da masu bincike su gane gawar da ba a san mai ita ba.

Sai dai akwai abin da ke shiga ƙasan fata ya zauna. Mahaƙan kwal in suka ji rauni a cikin rami, ƙurar kwal tana shiga ciwon kafin ya warke, sai tabon ya zama shuɗi har mutuwa. Rana ma haka take. A 2012 mujallar likitanci ta New England ta buga hoton wani direban babbar mota mai shekara 69 wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi a Amurka. Rabin fuskarsa na dama na mutum ne daidai shekarunsa. Rabin hagu, wanda ke kallon taga, ya yamushe ya yi tamoji masu zurfi kamar na wanda ya girme shi da shekaru masu yawa. Dalili shi ne nau'in hasken rana da ake kira UVA yana ratsa gilashin taga. Da a Ingila ko Ostareliya ya yi tuƙinsa, inda direba ke zama a dama, da ɗaya kuncin ne zai tsufa. Wato fuska ɗaya ta faɗi sana'a, ta kuma faɗi ɓangaren titin da ƙasarsa ke bi.

Abin da ƙashi da haƙori suke riƙewa

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen abu ne da aka gama gininsa. Ba haka ba ne. A 1892 likitan fiɗa na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara kauri a inda ake matsa masa, yana raguwa a inda aka bar shi ba aiki. An ga wannan ƙarara a ƙwararrun 'yan wasan tanis: wani bincike na 1977 ya nuna bangon ƙashin damtsen hannun da maza ke wasa da shi ya fi na ɗaya hannun kauri da kamar kashi ɗaya cikin uku. Mutum ɗaya, jini ɗaya, hannu biyu daban. Daga baya masu bincike a Finland suka gano cewa matan da suka fara wasan kafin balaga, bambancin hannayensu ya ninka na waɗanda suka fara da girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ba misali ba ce, haka ƙashi yake.

Jirgin yaƙin Sarki Henry na 8 na Ingila, Mary Rose, ya nutse a 1545 kusa da Portsmouth, aka ciro shi a 1982 da ƙasusuwan mutanensa da bakuna fiye da 130. A kafaɗun wasu daga cikinsu an tarar da wani ƙaramin ƙashi na saman allon kafaɗa, wanda ya kamata ya manne da uwar ƙashin lokacin samartaka, bai manne ba. Irin wannan yana faruwa a cikin jama'a jefi-jefi, amma a mutanen jirgin ya fi yawa. A wancan zamani dokar ƙasar ta wajabta a ba yaro namiji baka da kibiya tun yana shekara 7, kuma jan tsirkiyar dogon bakan yaƙi aiki ne na ƙarfi sosai. Masu binciken suka ce mai yiwuwa waɗannan su ne maharban jirgin.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Abu Huraira, wani tsohon ƙauye a bakin kogin Furat a Siriya, da aka haƙa a farkon shekarun 1970 kafin ruwan madatsa ya rufe shi. Theya Molleson ta gidan adana kayan tarihi na Landan ta duba ƙasusuwan mutanen da suka zauna a wurin shekaru dubbai da suka wuce, ta ga abu uku suna tafiya tare: babban yatsan ƙafa ya lalace, gwiwa ta yi kauri, ƙashin baya na ƙasa ya dushe. Yawanci a mata. Sai ta gane zaman niƙa ne: durƙuso a gaban dutse, yatsun ƙafa a lanƙwashe suna tokare ƙasa, a tura a jawo awa da awanni kowace rana. Waɗannan mata ba su bar suna ba, ba su bar rubutu ba, amma yatsan ƙafarsu ya ba da shaidar wanda ya ɗauki wahalar ciyar da gari a farkon zamanin noma.

Haƙori kuwa nasa daban ne, domin shi ba sana'a yake faɗa ba, asali yake faɗa. Farin ɓawon da ya lulluɓe shi yana ginuwa ne a yarinta, kuma in ya ginu ba ya sake sabuntawa. Wasu sinadaran da ke cikin ruwan da yaro ya sha suna shiga ciki su kulle. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Frederick McKay, ya isa Colorado Springs a Amurka ya tarar da haƙoran 'yan garin da tabo ruwan ƙasa. Ya lura waɗanda suka zo garin da girmansu ba su da shi, sai waɗanda suka tashi a can. Sai a 1931 aka tabbatar yawan sinadarin fuloraid ne a ruwan shansu. Yau masana suna auna nau'in oksijin da wasu sinadarai a haƙori su gane yankin da mutum ya girma. Da haka aka gano cewa wani mutum da aka tono kabarinsa a 2002 kusa da Stonehenge a Ingila, wanda ya rayu kimanin shekara 4,300 da suka wuce, a wajen tsaunukan Alps ya yi yarintarsa. Har gwajin bama-baman nukiliya da aka yi a sararin sama tsakanin 1955 da 1963 ya bar sawu: ya ƙara yawan kabon-14 a iska, ya shiga haƙoran yara, ta yadda ake iya ƙiyasta shekarar haihuwar wanda aka haifa bayan nan da kuskuren shekara ɗaya ko biyu.

Tabon lambar agana a damtse shi ma kalanda ne. Amurka ta daina yi wa yara wannan rigakafi a 1972, aka kuma bayyana kawar da cutar daga duniya a 1980. Wanda ke da wannan tabo mai faɗi, da wuya a ce bayan nan aka haife shi.

Alamun da ciwo ne

Ba kowace alamar sana'a ce abin sha'awa ba. Da yawansu rauni ne da aka saba gani har aka daina kiran sa rauni. A 1886 likita Thomas Barr ya gwada jin maƙeran tukunyar tururi 100 a Glasgow, ya tarar da wuya a sami mai lafiyayyen kunne a cikinsu. Kurumtar ƙara tana da nata salo: tana fara cin sauti mai kaifi, wajen hertz 4,000, don haka mutum yana jin ana magana amma kalmomi suna cakuɗe masa, musamman cikin hayaniya. Shi ya sa tsohon ma'aikacin masana'anta ke ɗaga murya ba da fushi ba, yana kuma kallon bakin mai magana. Mai harbi da doguwar bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ya fi mutuwa, domin shi ne ke fuskantar bakin bindiga, na dama kuma kai ya kare shi. Mai goge irin na Turawa shi ma na hagu ne, ga kuma tabo a gefen wuya inda yake maƙale abin kiɗan.

Guba ma tana sa hannu. A 1840 Henry Burton ya bayyana wani siririn layi shuɗi-shuɗi a gefen dasashin masu aiki da dalma, irin su masu fenti da masu haɗa famfo na wancan lokaci. Masu yin hular gashi a Turai da Amurka zaiba ta sa su makyarkyata da muguwar kunya da saurin fushi, har aka laƙaba wa makyarkyatar sunan garin Danbury, cibiyar sana'ar, kuma sai a 1941 Amurka ta hana amfani da zaiba a wannan aiki. 'Yan matan masana'antar ashana farin fosfaras ya riƙa ruɓar musu da muƙamuƙi, yana cikin abin da ya fusata ma'aikatan da suka yi yajin aiki a Landan a 1888. Kafin su duka, a 1775, Percivall Pott ya lura cewa ciwon dajin fatar maraina ya yi yawa a cikin waɗanda suka yi yarintarsu suna sharar bututun hayaƙi, ya danganta shi da kunkunniya. Wannan yana cikin karo na farko da aka haɗa ciwon daji da sana'a.

Uban wannan fanni shi ne Bernardino Ramazzini na Italiya, wanda a 1700 ya rubuta cututtukan sana'o'i fiye da 40 bayan ya shiga wuraren aikin da kansa, har da na masu kwashe masai. Ya bayyana yadda zama ke ranƙwafar da bayan tela da baduku. Shawararsa ga likitoci ita ce a kan tambayoyin da suka gada tun zamanin Hippocrates, tsohon likitan Girka, su ƙara guda: wace sana'a kake yi? A ganina babu wanda ya fahimci amfanin alamun jiki kamarsa, domin shi ya ɗauke su hanyar kaiwa ga magani da gyaran wurin aiki.

Abin da ya shiga jijiya

Daga nan sai a zo ga ɗabi'a, wadda ba ta da tabo amma ta fi tabo tona asiri. Tsohon soja yana fara tafiya da ƙafar hagu, yana tsayawa hannu a baya, yana faɗin lokaci da lissafin awa 24. Ma'aikaciyar jinya tana gaisawa da kai idonta na kan jijiyoyin bayan hannunka. Matuƙin jirgin ruwa yana tsayawa ƙafa a ware, gwiwa a ɗan sake, ko da a kan siminti. Wasu da suka daɗe a kurkuku, bayan sun fito, sukan tsaya a bakin ƙofa suna jiran a buɗe musu. Ba tunani ake yi kafin a yi waɗannan ba, shi ya sa ɓoye su ke da wuya. Mutum yana iya sauya tufafi da suna, amma da ya gaji ko ya firgita sai tsohon sabo ya fito.

Sabo yana sauya ƙwaƙwalwa kanta. Kafin direban baƙar tasi ta Landan ya sami lasisi, sai ya haddace tituna kimanin 25,000 da ke cikin mil 6 daga Charing Cross a tsakiyar birnin, abin da kan ɗauki shekara 3 zuwa 4. A 2000 mai binciken ƙwaƙwalwa Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu direbobin, ta ga bayan sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma yana ƙaruwa da yawan shekarun aiki. Aka ce to, ko dai masu irin wannan ƙwaƙwalwa ne ke zaɓar sana'ar tun farko? Sai ta bi masu koyo 79 daga farawarsu. A sakamakon da ta fitar a 2011, waɗanda suka ci jarrabawa sashen ya ƙaru, waɗanda suka faɗi ko suka bari bai ƙaru ba. Direbobin bas, masu bin hanya ɗaya kullum, ba su nuna wannan girma ba. Aikin ne ya gina shi.

Masanin zamantakewa na Faransa, Marcel Mauss, ya kai maganar nesa a wata lacca da ya yi a 1934. Ya ce tafiya, zama, iyo, barci, duk koyonsu ake yi, kuma kowace al'umma da nata salo. Ya ba da misalin Yaƙin Duniya na Ɗaya: sojojin Ingila ba su iya haƙa da shebur ɗin Faransa ba, har sai an sauya shebur 8,000 duk lokacin da wata runduna ta karɓi wata. Ya kuma ce yana kwance a asibiti a New York ya ga tafiyar ma'aikatan jinya kamar ya san ta, da ya koma Faris ya ga 'yan mata suna irinta, sai ya gane daga majigin Amurka suka ɗauka. Ƙananan abubuwa irin haka suna da yawa. Bajamushe yana fara ƙirga da babban yatsa, Ba'amurke yawanci da manuniya. Wanda ya yi makaranta a Faransa yana gitta wa lamba 7 ɗan layi a tsakiya. Ba'amurke yana rubuta wata kafin rana a kwanan wata.

Yunwa ma tana barin ɗabi'a. A gwajin da Ancel Keys ya yi a Minnesota a 1944 zuwa 1945, an rage wa samari 36 abinci har wata 6. Suka koma lasar kwano, suna ɓoye ɗan abin da suka samu, suna jan cin loma kaɗan har awanni. Bayan an sake musu, wasunsu sun yi watanni ba sa jin sun ƙoshi. Idan haka wata 6 ya yi wa manya da suka san ranar da gwajin zai ƙare, sai a auna abin da shekaru ke yi wa yaro. Dattijon da ya wadata amma ba ya iya ganin an zubar da ragowa, ba rowa ke damun sa ba.

Harshe ya fi komai. Karin maganar da mutum ya tashi da shi kafin balaga da wuya ya rabu da shi gaba ɗaya. Kuma ba gari kawai yake nunawa ba, har matsayi. A 1962 masanin harshe William Labov ya shiga manyan kantuna uku a New York, Saks na masu kuɗi, Macy's na matsakaita, S. Klein na talakawa, yana tambayar ma'aikata inda wani kaya yake, wanda ya san a hawa na huɗu yake, domin amsar a Turanci tana da harafin r sau biyu. Ma'aikatan Saks suka fi furta harafin, na Klein suka fi haɗiye shi. Abin lura shi ne ma'aikatan nan duka masu ƙaramin albashi ne. Harshensu ya bi matsayin masu sayayyar da suke yi wa hidima.

Karatun alama da iyakarsa

Fahimtar mutum daga jikinsa tsohon ilmi ne. Larabawa suna da ƙiyafa, kuma sananne ne labarin Mujazziz al-Mudliji, wanda ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance an rufe kawunansu, launin fatarsu ya bambanta, ya ce waɗannan ƙafafu daga juna suke, Annabi (SAW) ya yi farin ciki da hakan. A Turai wanda ya yi suna shi ne Joseph Bell, likitan fiɗa a Edinbara, malamin marubuci Arthur Conan Doyle, wanda daga Bell ya ɗauko siffar Sherlock Holmes, mai binciken laifi na littattafansa. Doyle ya ba da labarin ranar da Bell ya dubi wani majiyyaci ya ce masa soja ne, bai daɗe da barin aiki ba, mai igiya ne a rundunar 'yan tsaunukan Sikotland, kuma ya zauna a Barbados. Duk ya amsa haka ne. Bell ya yi wa ɗalibansa bayani: mutumin yana da ladabi amma bai cire hula ba, sojoji ba sa cirewa, kuma da ya daɗe a gida da ya koyi cirewa, yana da kwarjinin mai ba da umarni, ciwonsa tundurmi ne, wanda ba a ɗaukarsa a Birtaniya.

A duba da kyau a ga abin da Bell ya yi. Bai dogara da alama ɗaya ba, ya haɗa huɗu ko biyar. Ya san garinsa da zamaninsa, ya san inda rundunonin ƙasarsa suke. Sannan kowace magana ya faɗe ta ne a gaban mai ita, wanda ke da bakin cewa a'a. Rashin cire hula shi kaɗai yana iya zama mantuwa ko ciwon kai. Kanta a tafin hannu tana iya zama ta manomi, tana iya zama ta ma'aikacin banki mai ɗaga ƙarfe da yamma. Kama da wane ba ta wane. Hatta masana ƙashi sun ja da baya a 'yan shekarun nan: da suka gwada kwarangwal ɗin mutanen da aka san sana'arsu a rubuce, kamar tarin da ke Coimbra a Fotugal, sai suka ga kaushin da ke fitowa inda tsoka ta kama ƙashi ya fi bin shekarun mutum a kan aikinsa.

Wanda ya manta da wannan iyaka shi ne Cesare Lombroso, likitan Italiya da ya yi da'awa a 1876 cewa ana haihuwar mutum da laifi, kuma ana gane shi daga muƙamuƙi da kunne da goshi. Ya juya al'amarin ne: maimakon jiki ya faɗi abin da mutum ya sha, sai ya ce yana faɗin abin da zai aikata. A 1913 Charles Goring ya fitar da awon fursunoni kimanin 3,000 na Ingila, ya kwatanta su da ɗalibai da sojoji, bai sami wata siffar mai laifi ba. Amma ra'ayin ya riga ya shiga kawunan mutane, har yau kuma bai fita ba.

Mafi muni shi ne lokacin da mai karatun ke riƙe da bindiga. A Mayun 1871, da sojojin gwamnati suka murƙushe boren Faris, sun riƙa duba hannun mutane ko akwai baƙin albarushi, da kafaɗa ko gindin bindiga ya bar shaida, suna harbe wanda suka gani da su. A birni cike da maƙera da masu aikin kwal, baƙin hannu ba shaidar komai ba ne. A Kambodiya tsakanin 1975 da 1979, Khmer Rouge, 'yan gurguzun da ke mulkin ƙasar, suka juya ma'aunin: taushin hannu, tabarau, ko jin harshen waje suna iya sa a ce mutum ɗan boko ne, a tafi da shi. Malamai da likitoci suka riƙa jefar da tabarau suna cewa su manoma ne. Hannu mai kaushi ya kashe mutum a wani wuri, hannu mai taushi ya kashe shi a wani. Ko a yau wasu ƙasashen Turai suna sauraren karin maganar mai neman mafaka don su yanke daga ina ya fito, abin da ya sa wasu masana harshe suka fitar da ƙa'idoji a 2004 suna jan kunne cewa harshe yana nuna inda mutum ya yi cuɗanya ne, ba ƙasar da yake ɗanta ba. Wanda ya girma a sansanin gudun hijira ko a bakin iyaka, bakinsa ba zai yi daidai da taswira ba.

Yau alamun suna sauya wuri. Inji da safar hannu sun share da yawa daga tsofaffin, kuma akawu da lauya da mai tsara manhajar kwamfuta duk hannunsu iri ɗaya ne. Inda aikin ƙarfi ya rage, wani lokaci shafewa yake yi maimakon rubutawa: siminti da bulo suna cinye zanen yatsa, har leburori da yawa a Indiya suka sha wahala da na'urar tantance yatsa ta Aadhaar, tsarin katin shaida na ƙasar, wadda ta kasa gane su. Karatu ma yana da tasa alamar: a manyan biranen gabashin Asiya, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare ba sa gani nesa sai da tabarau, saboda yawan duban kusa da ƙarancin fita hasken rana.

Mafi haɗarinsu kuma sun koma ciki, inda ido ba ya kaiwa. A farkon shekarun 2000 likitoci a Turkiyya suka fara ganin samari, wasu ba su kai shekara 20 ba, da numfashi yana gagararsu, hoton huhunsu yana kama da na tarin fuka. A jikinsu babu kanta ta musamman, babu tabo. Sai da aka bi tarihin aikinsu aka gano sun yi aiki a ƙananan ɗakuna suna fesa yashi da ƙarfin iska a kan wandon jins don ya yi kamar ya koɗe, ƙurar yashin ta daskarar musu da huhu. Turkiyya ta hana wannan aiki a 2009. Irin cutar ta sake ɓulla a masu yanka dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a teburin ɗakin girki, har Ostareliya ta haramta dutsen daga Yulin 2024, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Cutar ba ta warkewa, kuma tana iya ci gaba da cin huhu bayan mutum ya bar aikin da shekaru, lokacin da shi kansa ba zai kawo zancen a gaban likita ba in ba an tambaye shi ba.